Malam Edita, ƙarfin mitokondiriya fa ana auna shi, kuma a lokacin hutu ake aunawa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira da juriya.

Na rubuto ne akan rubutun nan da kuka buga a shafin kiwon lafiya wanda yake magana akan yawan gajiya da tsamin jiki bayan motsa jiki. Marubucin yayi ƙoƙari, Allah ya saka masa, amma akwai wuri biyu da suka tsaya min a rai, na farko inda yace wai asid ɗin laktik ne yake taruwa a tsoka har mutum ya kwana biyu yana ɗingishi, na biyu kuma shi yafi damuna, inda ya kawo maganar wasu ƙwayoyi da wani gari da ake damawa a sha yace suna farfaɗo da mitokondiriya, ya wuce abinsa bai ce mana ga yadda aka gane haka ba. To ni tambayata ɗaya ce, wa ya auna? Domin abin nan ana auna shi a jikin mutum mai rai, ba yanka ba allura, sama da shekara 40 kenan ana yi, kuma wallahi yana min ciwo in ga ana sayar wa marasa lafiya kalma mai daɗin ji alhali akwai awon da zai raba gardama.

Bari in ɗan fara daga tushe saboda wanda bai taɓa jin waɗannan sunaye ba. Duk motsin da tsoka zata yi, ko ƙifta ido ne, da wani sinadari take yinsa mai suna ATP, wanda Karl Lohmann ya gano a Jamus a 1929, a shekarar nan dai Fiske da Subbarow na Harvard a Amurka suma suka gano shi. Damuwar ita ce tsoka bata ajiye shi da yawa, in ka zura da gudu iya ƙarfinka wanda yake ajiye bazai kai ka sakan 3 ba, sai dai a dinga haɗa sabo ana kashewa ana sake haɗawa, har masana suka ƙiyasta cewa ATP ɗin da jikin mutum yake juyawa a kwana ɗaya ya kusa nauyin jikinsa gaba ɗaya. Masu wannan aiki sune mitokondiriya, wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne dake cikin ƙwayoyin halitta, su suke karɓar abinda aka samu daga suga da kitse su haɗa da iskar oksijin da jini ya kawo su fitar da ATP. Amma fa basa tashi farat ɗaya, sai sun ɗau lokaci kafin su kai gejinsu, to a wannan ɗan tsakanin akwai wata ajiya ta ko-ta-kwana mai suna fosfokiriyatin, an gano ta a 1927, a tsokar mutumin da yake hutawa ta ninka ATP kusan sau 4. Da zarar an fasa ATP sai wani sinadari da ake kira kiriyatin kaines ya ciro fosfet, wato ɗan ɓangaren dake ɗauke da sinadarin fosfaras, daga jikin ajiyar nan ya maƙala a inda na ATP ɗin ya ɓalle, ATP ya dawo nan take. Shi yasa in ka leƙa tsokar da take aiki zaka ga ATP ɗinta kusan bai motsa daga inda yake ba, fosfokiriyatin ne yake ta zaizayewa.

To ga inda hikimar take, kuma nan nake son mai karatu ya tsaya sosai. Yayin da mutum yake cikin motsi komai a cakuɗe yake, mitokondiriya na aiki, wata hanyar ta fasa suga ba tare da oksijin ba, wadda ita ke fitar da laktik, itama tana aiki, ajiya na raguwa, bazaka iya cewa ga rabon wannan ga na wancan cikin sauƙi ba. Amma da mutum ya tsaya cak, buƙatar tsokar ta faɗi ƙasa, waccan hanyar ta fasa suga ta lafa cikin 'yan sakanni, sai ya rage aiki ɗaya, wato mayar da ajiyar da aka ci, kuma kusan duka mitokondiriya ne suke mayar da ita. Wannan ba zato bane. A 1976 Roger Harris da Eric Hultman da abokan aikinsu a Suwidin sun sa mutane motsa cinya har suka gaji, suka ɗaure cinyar da irin robar nan ta awon hawan jini yadda jini bazai shiga ba, suka ga fosfokiriyatin ya tsaya a ƙasa yaƙi dawowa, sai da aka saki ɗaurin oksijin ya shiga sannan ya fara hawa. Kenan saurin da ajiyar take dawowa bayan motsi shine yake gaya maka iya ƙarfin mitokondiriyar wannan tsokar. Kamar batirin waya ne, in kana son sanin ƙarfin caja ba sai ka kwance ta ba, ka bari batir ya sauka rabi ka jona ka duba agogo.

Su Harris a lokacin da allura suke yi, irin wadda Jonas Bergström ya fito da ita a 1962, a sa maganin kashe zafi a ɗan tsaga fata a zura ta cikin cinya a yanko tsoka 'yar ƙarama a daskarar da ita da sauri a kai ɗakin gwaji. Hanya ce mai amfani har yau, amma sau nawa zaka soki mutum ɗaya cikin minti 5? Kuma duk sukar da kayi wani gurbi ne daban na tsokar.

Nan na'urar maganaɗisu ta shigo. Kowa ya san MRI da hoto, abinda take saurara don ta haɗa hoton nan shine haidirojin dake cikin ruwan jiki. To fosfaras ma yana amsawa in an sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi an buga masa igiyar rediyo, sai dai a wani zango daban, a na'ura mai ƙarfin tesla 3 haidirojin yana amsawa ne a wajen megahas 128 shi kuma fosfaras a wajen 52. Abin daɗin shine fosfaras ɗin dake jikin fosfokiriyatin da wanda ke jikin ATP da wanda ya ɓalle yake yawo shi kaɗai, kowanne muryarsa ta ɗan sha bamban da ta ɗan'uwansa, ɗan bambanci kaɗan amma kwamfuta tana iya warewa. Sai ya zama ba hoto na'urar take baka ba, layi take baka mai tsini-tsini, kowane tsini na sinadari ɗaya, girmansa kuma shine yawan sinadarin. Wannan shi ake kira MRS na fosfaras. A 1974 David Hoult da George Radda da sauran abokan aikinsu a jami'ar Oxford ta Ingila suka fara ganin waɗannan tsinayen a tsokar ƙafar ɓera da aka ciro, a 1980 a ɗakin gwajin Radda ɗin dai aka nuna cewa in ka ɗora ɗan zoben waya akan fata zaka ji abinda ke ƙarƙashi ba sai an yanka ba, kusan lokaci guda kuma Britton Chance a Filadelfiya yana sa mutane suna zura hannu da ƙafa cikin maganaɗisu suna motsawa. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Ga yadda abin yake in ana yi. Mutum zai cire agogo da makulli da duk wani ƙarfe, ya kwanta rigingine akan gadon na'urar, a ɗaura masa faifan nan mai zoben waya a sha-raɓa ko a cinya a ɗaure tamau don kada ya goce, a sa tafin ƙafarsa akan wata feda da aka yi da roba ko katako ko wani abin da maganaɗisu baya ja, tunda in ƙarfe ne na'urar zata fizge shi. A tura shi ciki. Minti 1 ko 2 na farko ba abinda zai yi sai kwanciya, a allo kana ganin tsini guda dogo a tsakiya shine fosfokiriyatin, a hagunsa wani ɗan guntu wato fosfet mai yawo, a damansa kuma guda 3 a jere na ATP tunda fosfet 3 gare shi. Sai a kunna wata ƙara mai bugawa ɗaya bayan ɗaya a ce masa duk bugu ka danna, ya dinga dannawa yana saki, na'ura kuma duk bayan 'yan sakanni tana ɗaukar sabon layi. A gaban idonka dogon tsinin nan zai fara durƙushewa, ɗan guntun na hagu yana miƙewa daidai gwargwado, abinda wannan ya rasa shi wancan ya samu, su kuma ukun can suna nan daram. In ajiyar ta sauka kamar kashi 1 cikin 3 zuwa rabi sai a ce masa tsaya, kada ka motsa ko ɗan yatsa. Wannan kwanciyar ta minti 5 zuwa 10 da mutum zai ɗauka an gama ne, ita ce ainihin gwajin. Dogon tsinin zai fara tashi da sauri-sauri, can sai ya rage gudu, ya dinga hawa a hankali har ya koma inda yake da farko.

Wannan lanƙwasar ake ɗorawa a lissafi a fitar da lamba ɗaya, wato sakan nawa ya ɗauka kafin kashi 63 cikin 100 na abinda aka ci ya dawo. Douglas Arnold da Paul Matthews da Radda sun rubuta akan amfani da lokacin hutun nan wajen gane lafiyar mitokondiriya tun 1984, Ronald Meyer na jami'ar jihar Michigan kuma a 1988 ya fitar da lissafin da ya bayyana dalilin da yasa layin yake lanƙwasa haka. Matashi mai lafiya lambarsa tana yawo ne a wajen sakan 30, sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, masu gudun dogon zango sukan yi ƙasa da haka, mai ciwon mitokondiriya ko wanda jijiyoyin jinin ƙafarsa suka toshe kuma yana iya kaiwa minti 1 ko ya zarce. An sha gwada wannan lamba da sakamakon yankan tsoka a mutum ɗaya, ana samu suna tafiya tare. Kaga kenan in wani yace min maganinsa yana ƙarfafa mitokondiriya, ba dogon turanci nake nema ba, ya gaya min sakan nawa ne kafin a sha, sakan nawa ne bayan an sha, su kuma waɗanda aka ba maganin ƙarya don kwatance nasu nawa ne.

Akwai kuma wani ƙarin alheri a layin nan. Tazarar dake tsakanin tsinin fosfet mai yawo da na fosfokiriyatin tana canzawa gwargwadon tsamin cikin tsokar, in asid ya ƙaru sai su matso kusa da juna, to da wannan tazarar ake lissafa pH, wato ma'aunin da yake sauka in asid ya ƙaru, na cikin ƙwayar tsoka ba tare da an taɓa ta ba. A hutu yana wajen 7.0, a aiki mai tsanani yana iya sauka 6.5 ko ma ƙasa. Da wannan aka yi abin da ya fara jawo hankalin likitoci, a 1981 a Oxford suka duba damtsen wani mara lafiya da ake zargin yana da cutar McArdle, cutar da Brian McArdle ya fara bayyanawa a Landan a 1951, masu ita tsokarsu bata iya fasa gilaikojin wato sugan da ta ajiye. Ya motsa hannu, fosfokiriyatin ya faɗi warwas, amma tsamin da ake gani a kowa bai zo ba sam. Suka buga a mujallar New England Journal of Medicine. Ka lura da kyau Malam Edita, masu wannan cuta basa iya tara asid ɗin laktik, amma sune suke saurin gajiya da murɗewar tsoka mai azaba fiye da kowa. Wannan kaɗai ya isa yasa mutum ya sake tunani akan ɗora wa laktik laifin komai. Håkan Westerblad na Stockholm da David Allen na Sidni sun daɗe suna nuna cewa fosfet ɗin nan mai yawo, wanda muke ganin tsininsa yana miƙewa a allo, yana da babban hannu wajen rage ƙarfin tsoka. Shi kuma tsamin jikin kwana biyu zancensa daban ne, laktik ɗin yana barin jini cikin kamar awa 1 bayan an daina motsi, abinda yake sa ciwon washegari da jibi 'yar ɓarna ce a zaren tsokar da kumburin da yake biyo baya, musamman in aikin na saukowa ne kamar gangara ko sauka daga bene.

Yanzu kada wani ya ɗauka ina cewa awon nan bashi da gyara, yana da shi, kuma gyaran nasa shi yafi koyar da ni fiye da komai. Mitokondiriya basa aiki sai da oksijin, saboda haka lambar da kake gani ba ta su kaɗai bace, akwai hannun huhu da zuciya da jini da ƙananan jijiyoyin da suke kai shi cikin tsokar. Luke Haseler da Michael Hogan da Russell Richardson a San Diyego sun gwada wannan a 1999 da mutanen da suka saba motsa jiki, suka basu iska iri 3 su shaƙa. Da iskar da muka saba mai oksijin kashi 21 lambar ta kasance wajen sakan 25, da aka rage oksijin zuwa kashi 10 ta koma wajen 33, da aka basu zallar oksijin kuma ta sauko wajen 20. Mutum ɗaya, tsoka ɗaya, mitokondiriya basu ƙaru ba basu ragu ba, amma lamba ta canza. Da suka maimaita a 2004 da mutanen da basa motsa jiki, ƙarin oksijin bai ƙara musu komai ba, wato su ba iskar ce ta gaza musu ba, masu amfani da ita ne basu da yawa. Wannan abu yana da muhimmanci ga mai gajiya, domin wanda jininsa yayi ƙasa ko zuciyarsa bata bugawa yadda ya kamata zai iya jin kasala irin ta mai raunin mitokondiriya alhali nasa lafiyarsu ƙalau, in ka ɗura masa garin ƙarin ƙarfi ka bar ainihin ciwon yana cinsa ka cuce shi. Haka nan in an matsa wa mutum a gwajin har tsokar tayi tsami sosai, dawowar ajiyar tana yin jinkiri ko da mitokondiriyar na da ƙarfi, shi yasa masu aikin suke taƙaita motsin, wasu ma sakan 30 kawai suke sa a yi da ƙarfi a tsaya, kuma dole su faɗi pH ɗin da aka tsaya akai in ba haka ba lambar bata da ma'ana. A 2020 ƙwararrun fannin daga ƙasashe da dama suka haɗu suka fitar da shawarwari a mujallar NMR in Biomedicine akan yadda ya kamata a dinga yi, saboda a iya kwatanta sakamakon wannan ɗakin gwaji da na wancan.

Ciwon suga ya nuna yadda abin yake buƙatar haƙuri. A 2004 Kitt Petersen da Gerald Shulman na jami'ar Yale suka ruwaito cewa 'ya'yan masu ciwon suga nau'i na 2, matasa marasa ƙiba amma jikinsu baya jin insulin sosai, aikin mitokondiriyarsu ya ragu da kusan kashi 30. Maganar ta yaɗu ko'ina. Sai dai su ba tare da an sa mutum yayi motsi ba suka auna, da wata dabara daban, daga baya masana irin su Graham Kemp na Libaful suka nuna cewa abinda waccan dabarar take kamawa ba aikin mitokondiriya zalla bane, akwai musayar da wasu sinadarai suke yi a gefe da take shiga lissafin. Da aka koma awon bayan motsi, a Maastricht ta ƙasar Holan a 2007 an samu masu ciwon suga ajiyarsu tana jinkirin dawowa, a Eindhoven kuma duk a Holan ɗin a 2008 ba'a ga bambanci ba. Abinda yake yawan raba irin wannan gardama shine yawan motsin da mutanen suke yi a rayuwarsu ta yau da kullum, domin wanda yake yini a zaune mitokondiriyarsa zasu ragu ko yana da suga ko bashi da shi. Tsufa ma haka, Kevin Conley a Siyatil a 2000 ya samu ƙarfin mitokondiriyar cinyar tsofaffi kusan rabin na masu matsakaicin shekaru, amma Jane Kent-Braun da ɗalibanta a Massachusetts da suka auna tsokar gaban ƙwauri, wadda tsoho yake amfani da ita a duk takun da zai yi, basu ga ƙarfin mitokondiriyarta ya ragu ba. To in masana da na'urar a gabansu suna wannan taka-tsantsan, ina ga mai talla da bai auna komai ba?

Abin da ya tsallake wannan gwaji sau da yawa kuma ba'a sayar da shi a kwalba shine motsa jikin kansa. John Holloszy a Sent Luwis ya nuna tun 1967 cewa ɓerayen da aka saba musu da dogon gudu sinadaran mitokondiriyar tsokarsu sun kusa ninkawa. Wanda yafi taɓa min zuciya shine na masu gazawar zuciya, a shekarun 1980 aka gano da wannan na'ura cewa ba zuciyar kaɗai bace, tsokar hannu da ƙafarsu ma tana cinye ajiyarta da wuri tana tsami da wuri, sai a 1993 a Oxford aka sa wasu daga cikinsu tuƙa keken motsa jiki a gida na mako 8, aka sake aunawa, ajiyar ta rage saurin ƙarewa kuma tana dawowa da sauri fiye da da. Mutanen da a da ake ce musu ku kwanta ku huta kenan. Ba ina cewa mai ciwon zuciya ya tashi ya fara gudu bane, wannan sai da likitansa, amma ka ga yadda magana take in tana da awo a bayanta.

Shi kuma garin kiriyatin da 'yan ɗaga ƙarfe suke sha, gaskiya ne yana ƙara yawan kiriyatin a tsoka, Harris ɗin nan da Hultman sun nuna haka a 1992, kuma yana taimakawa a aikin ƙarfi na ɗan gajeren lokaci. Amma ƙara girman ajiya daban, ƙara ƙarfin masu cika ta daban, kada a haɗa su a jimla ɗaya a ruɗa mutane.

Roƙona gare ku Malam Edita shine duk lokacin da wani ya kawo muku rubutu ko talla mai cewa abu kaza yana gyara mitokondiriya, ku tambaye shi a jikin wa aka gwada, mutane ne ko ɓeraye ko ƙwayoyin halitta a cikin kwano, mutum nawa, da wace hanya aka auna, kuma an kwatanta da waɗanda basu sha ba. In bashi da amsa to a cire wannan jimlar kafin a buga. Mai karatu kuma kada ya tafi asibiti yace sai anyi masa MRS na fosfaras saboda yana jin kasala, galibi aikin bincike ne, ba kowace na'urar MRI take iyawa ba sai an ƙara mata kayan da zasu ji zangon fosfaras da faifai na musamman da fedar nan, ga shi siginar fosfaras rauni gare ta ƙwarai in aka gwada da ta ruwa. Babu hasken eksire a ciki babu allura, amma mai na'urar daidaita bugun zuciya ko mai ɓarɓashin ƙarfe a jiki dole a tantance shi kafin ya kusanci ɗakin. Mai gajiyar da taƙi ƙarewa awon yawan jini da na suga da na maƙoƙo da duba zuciya ya kamata ya fara nema.

Akwai kuma wata hanya mai sauƙi da ta taso daga wannan tunanin dai, Terence Ryan da Kevin McCully a jami'ar Jojiya ta Amurka suka inganta ta wajen 2012 da 2013. Maimakon maganaɗisu, wata 'yar na'ura ake mannawa a fata tana haska tsokar da hasken da ido baya gani, mutum yayi ɗan motsi ya tsaya, sai a dinga hura robar ɗauri ana saki ana hurawa ana saki na 'yan sakanni, kowane ɗauri a ga saurin da tsokar take shanye oksijin, har ta koma yadda take a hutu. Sun gwada ta da MRS, kowane mutum an yi masa duka biyun, sakamakon ya tafi tare, ga ta kuma ana iya ɗaukarta a jaka a kai gadon mara lafiya. Rauninta shine hasken baya nisa, santimita kaɗan yake shiga, in kitsen ƙarƙashin fata yayi kauri siginar tana raguwa, haka nan baƙar fata tana shanye wani ɓangare na hasken kafin ya kai tsoka, saboda haka duk binciken da aka yi da ita ya kamata a faɗi su waye aka auna da yadda aka gyara wannan, kuma zan so wani daga cikin likitoci ko malaman jami'a masu karanta wannan jarida da ya taɓa aiki da ita ya rubuto mana yadda take yi a hannu.

Nagode da bani wannan fili, wassalam.

Naku, mai karanta ku a kullum.